Allurar zafi, da abin da na tashi da shi daga gareji

Ƙarshen watan nan zan tattara 'yan sifanuna in bar garejin da na koyi kanikanci a Kaduna. Waɗanda muka yi zaman wurin tare sun san yadda ake, ba sai na tsaya bayanin wankin fulogi da kwanciya ƙarƙashin mota ba. Ƙannenmu masu tasowa sun matsa in rubuta musu abin da na koya. Da na zauna sai na tarar kusan duk abin da nake son faɗa ya taru a kan mota ɗaya, wata tsohuwar Peugeot 504, da allurar gejin zafinta.

Motar ta wani dattijo ce, tsohon hedimasta, Baba Malam muke ce masa. Haɗin gida ce, daga masana'antar nan ta Kakuri da ta fara aiki a 1975, kuma tun yana bakin aiki yake riƙe da ita. Kukansa ɗaya: allura tana rawa. Tana zaune a tsakiya lafiya lau, sai ta yi tsalle ta kusa taɓa ja, kafin ya gangara gefen titi ta koma mazauninta. Ya ce abin ya fi yawa da dare. Ya ce ruwa ba ya raguwa, bai taɓa ganin tururi ba, ƙarfin mota yana nan. Ya kuma ƙara da cewa da safe kik ɗinta yana yin nauyi, har ya sauya batir bai ga canji ba. Duk wannan ya faɗe shi a tsaye a gaban Oga, ni ina gefe riƙe da bonet.

Oga bai bari ya kai aya ba. Ya ɗora hannu a kan lagireto ya ce, "Baba, gaskit ne. Sai an ɗaga tof." Tof shi ne murfin kan injin, gaskit kuma shimfiɗar da ke tsakaninsa da gangar injin.

A nan ya kamata ku tsaya ku fahimci abin da ni na gani. Duk motar da aka kawo da kukan allura na hawa da sauka, tambayar farko ita ce: zafin injin ne yake canjawa da gaske, ko geji ne yake ƙarya? Kafin ka ɗauki sifana, dubi saurin allurar. Injin 504 gangar jikinsa baƙin ƙarfe ce, ga ruwa wajen lita takwas yana zagaya shi. Abu mai wannan nauyi ba ya ɗaukar zafi a cikin daƙiƙa biyu, ba ya kuma hucewa a daƙiƙa biyu. Idan zafin gaske ne, allura a hankali take tafiya, cikin mintuna. Idan ka ga tana fizga, tana tsalle, tana motsi lokacin da aka faɗa rami ko aka kunna wani abu, to ka fara da wuta.

Gejin tsofaffin motocin nan ba shi da wani sirri. Akwai ɗan ƙaramin sensa da aka ɗaura a kan injin, bakinsa yana cikin ruwa, waya ɗaya ce tak take fita daga kansa zuwa dashbod. Ruwa na ƙara zafi, shi kuma yana ƙara sakin wuta ta wuce, allura na hawa. Wutar kuma ta jikin injin take komawa, wato jikin injin shi ne at ɗinsa. Shi ya sa gwajinsa ba ya cin ko kwabo. Buɗe makulli, zare wayar, allura za ta faɗi ƙasa. Taɓa wayar a jikin injin na ɗan lokaci kaɗan, za ta haye har ƙarshe. In ta yi haka, geji da wayarsa suna aiki. Girgiza wayar kana kallon dashbod, in allura ta yi rawa ka sami inda ta ci ko inda bakinta ya saki.

Sai maganar dare. Me ya bambanta tuƙin dare da na rana a tsohuwar mota? Fitila. Injin yana zaune ne a kan roba, saboda haka akwai wata kaurarar waya saƙaƙƙiya da ke haɗa shi da bodi. Duk wutar da fitilu suka ja, in injin yana aiki, ta wannan waya take komawa wurin altanato, mai cajin batir. In wayar ta yi tsatsa ko noti ya saki, jikin injin da bodi ba sa zama daidai a wuta, sensa kuwa da jikin injin yake aunawa, sai allura ta hau alhali ruwa bai ƙara zafi ba. Wannan wayar dai ita ce ke sa kik ya yi nauyi. Wani lokaci ma za ka taɓa wayar totur ko ta cok ka ji ta da ɗumi, don wuta ta rasa hanya ta bi ta kansu. Baba Malam da bakinsa ya ba mu alamun nan biyu.

Ba zan zalunci Oga ba, gaskit ma yana iya sa allura rawa. In ya ƙone, iskar cikin silinda takan kutsa cikin ruwa, kumfa ta taru a bakin sensa, allura ta faɗi ta tashi. Amma gaskit ba ya ƙonewa a ɓoye. Ruwa zai riƙa raguwa. In ka buɗe murfin lagireto injin na sanyi ka tayar, za ka ga kumfa tana tasowa ba ƙaƙƙautawa. Hos ɗin sama zai yi tauri tun mota ba ta ɗumama ba. Ko farin hayaƙi a salansa, ko baƙin mai ya koma ruwan madara, ko fulogi ɗaya ya fito fes kamar an wanke shi. Ba a duba ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Duka ba za su ci minti goma ba.

Sai na ce, "Oga, da an kunna fitila an ga allurar tukuna." Iyakar abin da na faɗa ke nan, a hankali ma na faɗa.

Ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Kai ne za ka koya mini aiki? Ranar da na fara kwance 504 uwarka ba ta yi aure ba." A gaban Baba Malam, a gaban masu fenti da mai wayarin na kusa da mu. Ya miƙo mini kwano ya ce in je in sayo masa abinci. Kafin in dawo an gama ciniki, dattijo ya ajiye kuɗin kaya ya hau Keke ya tafi.

Ni ɗin dai aka sa na kwance tof ɗin. Wanda ya san injin 504 ya san ba a ɗaga kansa da wasa, domin silif ɗinsa, wato bututun da fistin ke hawa da sauka a ciki, a cikin ruwa suke zaune, ana iya zare su. In ka fizgo tof sama kai tsaye ya taso da su, shimfiɗar ƙasansu ta motsa, gobe ruwa ya gangara cikin baƙin mai, mota mai lafiya ta zama mara lafiya. Na goce shi gefe kafin in ɗaga, na danne silif ɗin da wasa da noti, ban bari kowa ya juya injin ba. Gaskit ya fito lafiyarsa ƙalau, zoben kowace silinda a cike, babu inda wuta ta ci. Na nuna wa Oga. Ya karɓa ya lanƙwashe shi biyu ya jefa cikin tarkace, ya ce a kai tof kasuwar Panteka a goge.

Aka goge, aka sa sabon gaskit, na ɗaure noti bi da bi daga tsakiya zuwa gefe yadda ake yi. Baba Malam ya biya kuɗin aiki daga ɗan fanshonsa. Ba a yi nisa ba ya dawo, allura tana nan tana rawarta.

Abin da Oga ya gaya masa shi ne, "Yaron nan ne bai ɗaure tof ɗin daidai ba. Yaran yanzu sai baki." Aka dakatar mini da kuɗin abinci, aka hana ni taɓa injin kowa, na koma wankin kaya da fetur tare da yaron da bai daɗe da zuwa ba. Baba Malam ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka riƙa natsuwa a kan aiki." Na ce, "To, Baba." Har yau wannan kalma tasa ta fi zagin Oga yi mini ciwo, don shi da zuciya ɗaya ya faɗa.

Daga nan aka shiga lalube. An bar jaki ana dukan taiki. Aka cire tamostat, ɗan bawul ɗin da ke tare ruwa har sai injin ya ɗumama, aka jefar. Fankar 504 irin mai maganaɗisu ce, tana kamawa in zafi ya kai ta saki in ya sauka, aka ɗaure ta ta koma juyawa kullum. Aka fara maganar sabon lagireto. Da na ji Oga yana gaya wa babban yaronsa cewa in ta ƙi a zare wayar gejin kawai a huta, sai na kasa haƙuri. Tsoho zai hau hanyar Zariya da mota ba geji, ranar da hos ya fashe da gaske ba abin da zai gaya masa.

Wata Juma'a Oga ya wuce masallaci da wuri. Na tayar da motar ta ɗumama, na kunna fitila, allura ta tashi. Na kashe, ta sauka. Na ɗauko wayar jan batir, na maƙala baki ɗaya a kan at na batir, ɗayan a jikin injin. Na kunna fitila, na ƙara da waifa da hon, allura ko gezau. Da na leƙa ƙasa sai ga wayar at ta yi kore, rabin zarenta ya tsinke, notin ana juya shi da yatsa, baƙin mai da ƙura sun lulluɓe wurin. Na goge mazauninta da samfefa har ƙarfe ya yi haske, na sa wata daga cikin tarkacen gareji, na ɗaure. Na tono tamostat ɗin da aka jefar, na dafa shi a gwangwani ya buɗe yadda ya kamata, na mayar. Kik ɗaya motar ta tashi.

Na gaya wa Oga abin da na yi. Bai ce komai ba. Da Baba Malam ya zo, sai na ji yana ce masa, "Dama sabon gaskit sai ya ɗan zauna. Na sake bin sa da kaina." Ya karɓi kuɗin sake dubawa. Dattijo ya yi ta sa masa albarka.

Tunda na ambaci tamostat, bari in faɗi ra'ayina a kai, ko da manya za su ji haushi. Cewa da ake yi wai na ƙasar sanyi ne, ba ma buƙatarsa a nan, ba gaskiya ba ne. Lambar da ke jikinsa, 82 ko 88 ko makamancin haka, ita ce zafin da yake buɗewa, kuma injin a wannan zafi aka ƙera shi ya yi aiki. In ka cire, da sanyin hunturu mota ba za ta ɗumama ba, ta sha mai, ringi su ci da wuri, allura kuma ta riƙa sauka a kan babbar hanya tana hawa a cikin gari. Kai da hannunka ka ƙirƙiro rawar allura. In kana zarginsa, tukunya da ruwan zafi sun isa su nuna maka ko yana maƙalewa. Wanda yake maƙalewa yakan bar allura ta hau a hankali, sannan ta faɗo gaba ɗaya lokacin da ya saki.

Sauran kuwa a taƙaice. In allura tana hawa a gosulo tana sauka da an kama hanya, dubi fanka da swic ɗinta. In a babbar hanya ko hawan tudu take hawa, lagireto ya toshe ko fuka-fukin famfon ruwa sun cinye, kuma ruwan rijiya da na burtsatse da muke ɗurawa su ke jawo duka biyun. Fambel mai santsi yana yin kuka kafin ya ba da kunya. Murfin lagireto ba ado ba ne, matsin da yake riƙewa shi ke hana ruwa tafasa a digiri 100 ya kai shi wajen 120, in robarsa ta mutu sauya shi, ya fi komai araha. Bayan kowane aikin ruwa a fitar da iska. A Golf 2, in gejin mai da na zafi suna rawa tare, ɗan abin da ke daidaita musu wuta a bayan dashbod ne. Kada ka buɗe murfi injin na zafi, duk wanda ya daɗe a gareji ya san mai tabo a hannu. Ka bar mai mota ya gama maganarsa. Ka ajiye tsohon kayan da ka cire ka nuna wa mai shi. In kana da gyara ga oganka, ja shi gefe, wataƙila ya ji, wataƙila kuma ya ce shi ya gano. Kuɗin farko da ka samu, sayi mitar gwada wuta.

Baba Malam har yanzu yana kawo motar sabis. Allura tana zaune daram. Sai dai tof ɗin da aka goge ba gaira ba dalili ya rage kauri, matsin silinda ya ƙaru, yanzu in ta hau tudu da kaya sai ka ji tana ƙararrawa. Ya yi wa Oga ƙorafi, Oga ya ce fetur ɗin zamani ne ba shi da kyau.