Abin da mutuwar ungulun Indiya ta koya mini

A duk karatun da na yi kan namun daji, babu darasin da ya zauna mini a rai kamar na ungulun Indiya. Kafin shekarun 1990 miliyoyi ne a ƙasar, don haka ba wanda ya damu da ƙirga su. Kafin a farga, fiye da kashi 95 cikin ɗari sun ƙare. Sai a ga tsuntsu a kan reshe ya sunkuyar da wuya, ba da jimawa ba ya faɗo matacce.

Da fari masana sun zaci annoba ce, aka yi ta neman ƙwayar cuta. Amsar kuwa tana cikin gawar. In aka farke ta, sai a tarar da wani farin abu kamar garin alli ya lulluɓe hanta da zuciya, alamar ƙoda ta daina aiki. A 2004 wani masanin cututtukan dabbobi, Lindsay Oaks, da abokan aikinsa, da suka yi bincike a Pakistan, suka tabbatar diclofenac ne sila, maganin ciwo mai araha da ake yi wa shanu allurarsa. Saniya ta mutu da maganin a jikinta, ungulaye su taru su ci. Abin da ya fi girgiza ni shi ne, ko mushen da ke ɗauke da maganin bai kai ɗaya cikin ɗari ba, ya isa ya jawo wannan ɓarna, ga tsuntsun da ƙwai ɗaya tal yake sakawa a shekara. Indiya da Pakistan da Nepal sun hana ba dabbobi maganin a 2006, aka koma ga meloxicam, wani maganin ciwo da ba ya kashe ungulu.

Tun daga nan na daina yarda da kowane bayani kan mutuwar dabba sai an duba gawarta, komai girman mai maganar.

Kuma dalilin can ba lallai ya zama na nan ba. Duk wanda ya tashi a arewa ya san yadda ungulu ke cika rufin kwata suna jiran mahauta su zubar da kayan ciki. Yau sai ka wuni a wurin ba ka ga ko ɗaya ba. Namu guba da farautar masu sayar da kawunansu don tsibbu ne suka fi cinye su, har a 2015 aka sa irin wadda muka saba gani a gari cikin jerin masu dab da ƙarewa. Shi ya sa in na je kwata, tsofaffin mahauta nake fara tambaya yaushe rabonsu da ganin ungulu, in rubuta abin da suka faɗa.