Hunturu ya tsaga mini tawadar sarkin Sin

Har yanzu idan na buɗe akwatin sai raina ya ɓaci. Dunƙulen tawada ne baƙi wuluk, irin wanda Sinawa ke niƙawa da ruwa su yi rubutu, tsawonsa bai kai tafin hannu ba, da dodon nan na Sinawa mai farce biyar an shafe shi da ruwan zinariya, a bayansa kuma tambarin zamanin Sarki Qianlong, wanda ya yi mulki daga 1736 zuwa 1795. A Hong Kong na saye shi, don a cikin ƙasar Sin doka ta hana fitar da kayan tarihin da suka girmi 1911.

Tambarin bai ruɗe ni ba. Duk mai wannan harka ya san a jikin mazubin katako aka sassaƙa rubutun, kuma masu tawadar Huizhou, yankin Sin da ya yi suna a wannan sana'a, sun ci gaba da amfani da tsofaffin mazubai bayan sarkin ya daɗe a ƙasa. Na duba kaifin zanen, na ji nauyinsa a hannu, na shinshina, ƙamshin almiski ya kusa gushewa. Muka daidaita, na biya kuɗin da har gobe ban faɗa wa maiɗakina ba.

Abin da babu wanda ya ja mini kunne a kai shi ne iskar Kano. Tawadar nan kunkunniya ce, ta itacen pine ko ta man 'ya'yan itacen tung, aka kwaɓa da danƙon fatar dabba, aka daka, aka shanya a inuwa wata da watanni. Danƙon nan yana shan laima yana kuma sakinta. Abin da ya yi shekara aru-aru a ƙasa mai danshi, sai ga shi a kabad ɗin gilashi a falona, ana tsakiyar hunturu. Tsaga ta fara daga gefe siririya kamar gashi, kafin sanyi ya wuce ta ratsa wuyan dodon.

Mai tara irin waɗannan kaya ba ya niƙa su ya yi rubutu, cikar siffarsu yake saya. Da tsagar nan rabin darajar ta tafi, kuma liƙi ba ya ɓoyuwa.

Sauran biyun da nake da su, na ɗan baya-bayan nan ne masu arha, yanzu suna naɗe a takarda mai laushi cikin akwatin katako, can ƙasan tufafi, nesa da taga da na'urar sanyaya ɗaki. Baƙo ya ce a nuna masa, hoto nake miƙa masa a waya.