Yadda na yafe bashin da nake bin maƙwabcinmu

Ni haifaffiyar Tudun Wada ce a Kaduna, ko da yake iyayena daga kudancin jihar suka zo. Babanmu tela ne, shagonsa na bakin layinmu, kuma yawancin masu kawo masa ɗinki Musulmi ne. In azumi ya kai goman ƙarshe ba ya runtsawa saboda kayan sallah. Mu mukan kai wa maƙwabta shinkafar Kirsimeti, su kuma su aiko mana da naman layya. Yaran yanzu in na faɗa musu haka sai su ga kamar tatsuniya nake yi.

Ranar Litinin, 21 ga Fabrairu 2000, rikicin shari'a ya ɓarke. An kashe Kirista a unguwannin da Musulmi suka fi yawa, an kashe Musulmi a inda Kirista suka fi yawa, kuma duk wanda ya ce miki ɓangare ɗaya ne kawai ya yi kuka a garin nan, bai faɗi gaskiya ba. Baba ya fita ya rufe shago, shi ke nan. Ko gawarsa ba mu gani ba. Hajiyar da gidanta ke jikin namu ce ta ja mu ta ƙofar baya, ta tura mu ƙuryar ɗakinta, washegari ta sa mana hijabai ɗanta ya raka mu barikin soja. Amma kafin a ja mu, na leƙa ta taga na ga wani ɗan layinmu, wanda kullum yake zuwa shago ya ari dutsen guga, ɗauke da keken ɗinkin Baba a ka. Singer ce baƙa, an ɗaure fedarta da waya. Ya gan ni, ya kau da kai.

Muka koma Sabon Tasha kamar dubban mutane. Kogin Kaduna ya zama iyaka: Kirista suka tattara kudu, unguwanni irin su Television da Narayi da Romi, Musulmi suka koma arewa. Na girma, na yi aure, na haihu, ina cikin ƙungiyar mawaƙan coci, kowa na cewa ga mai haƙuri. Ba su san in an zo Addu'ar Ubangiji, daidai wurin da ake roƙon gafara kamar yadda mu ma muke gafarta wa masu yi mana laifi, bakina nake rufewa ba. Ranar jibin Ubangiji kuwa, wato gurasa da ƙoƙon da muke ci da sha a coci don tunawa da mutuwar Yesu, sai in sami dalilin fita da yaro waje. In na ji mai muryar mutumin nan a kasuwa, zuciyata ta dinga bugawa ke nan har in isa gida.

Akwai abin da mu masu bi muke yi wa juna, da kyakkyawar niyya, amma yana cutarwa. Mutum na cikin makoki, hawaye bai bushe ba, sai a ce masa, "Ai sai haƙuri, ka yafe, mu Kirista ne." An faɗa mini haka tun muna bariki muna kwana a kan kwali. Wannan maganar ba ta sa na yafe ba. Ta koya mini ɓoye fushi ne kawai.

Wadda ta gane ni wata dattijuwa ce a Zumuntar Mata ta cocinmu, wadda ta rasa mijinta a rikicin Zangon Kataf na 1992. Ta kira ni gidanta tana ɓarar gyaɗa, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "'Yata, me ya sa ba kya cin jibi?" Na fara kame-kame. Ta ce in buɗe Zabura 13 in karanta da ƙarfi, inda Dawuda yake tambayar Allah har yaushe zai manta da shi. Da na gama ta ce in buɗe ta 109. Ban taɓa sanin akwai irin wannan zafin a cikin Littafi Mai Tsarki ba. Mutum yana roƙon Allah ya mai da 'ya'yan maƙiyinsa marayu. Ta ce, "Kin gani? Allah ba ya tsoron fushinki. Kai masa shi yadda yake, kada ki wanke shi tukuna."

Wani zuwan ta ba ni takarda ta ce in rubuta duk abin da mutumin nan ya ci mini. Na rubuta keke. Na rubuta makarantar da na bari saboda babu mai biya. Na rubuta hawan jinin Mama, da ranar aurena da kawu ya tsaya a madadin uba, da kabarin da ba mu da shi. Ta sa na karanta mata, sannan ta ce, "To, ko ya sayar da gidansu, zai iya biya?" Na ce a'a. Sai ta kai ni Matiyu 18, labarin bawan da aka yafe wa talanti dubu goma, ya fita ya shaƙe ɗan'uwansa a kan dinari ɗari. Na yi fushi, na ce jinin ubana ba dinari ɗari ba ne. Ta ce, "Ba ƙarami ba ne, kuma Yesu bai ce ƙarami ba ne. Amma shekara nawa kina riƙe da wuyan wanda ba shi da abin biya? Hannun wa ya gaji?" Ta nuna mini Romawa 12:19, inda aka ce ramako na Ubangiji ne. A nan na fahimci yafewa ba cewa ba a yi laifi ba ne. Miƙa shari'ar ne ga alƙalin da ya san abin da ya faru a bakin shagon nan, abin da ni har gobe ban sani ba.

Na san labarin Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa, waɗanda suka yi gaba da juna, ɗaya ya rasa hannu a 1992, ɗayan ya rasa malaminsa da 'yan'uwa, daga baya suka haɗu suna aikin sulhu. Na san shugabannin addini sun sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a watan Agusta 2002. Abu ne mai kyau, amma sa hannun manya ba ya shiga ɗakin marainiya ya sauke mata kaya.

A 2013 na haye gada na koma layinmu. Hajiya na fara gaisarwa, na kai mata sukari da sabulu. Ta tsufa ƙwarai, sai da ta shafa fuskata ta gane ni, muka sha kuka. Ita ta aika aka kira mutumin da ya ɗauki keken Baba. Ya shigo zaure ya tsuguna, furfura ta fito masa, yana ta murza hularsa. Na ce, "Malam, ka gane ni?" Ya ce, "'Yar tela." Ya rantse cewa keken kawai ya ɗauka, bai taɓa Baba ba, sharrin shaiɗan ne da ƙuruciya. Ko gaskiya ya faɗa, Allah masani. Na ce masa, "Abin da ka yi da wanda ba ka faɗa ba, na yafe maka, domin ni ma Yesu ya yafe mini." Ya ce zai nemo kuɗin keken. Na ce in ya samu ya kai wa Hajiya ta sayi magani.

A coci masu ba da shaida sukan ce nan take suka ji salama ta sauko. Ni ciwon kai na kwana da shi. Kuma da Fabrairu ya zagayo fushin ya dawo, sai da na sake yafewa a kan gwiwoyina. Da na gaya wa dattijuwar nan, dariya ta yi, ta ce shi ya sa aka ce wa Bitrus bakwai har sau saba'in, wani lokaci laifin ɗaya ne ake ta yafe shi. Ta kuma tuna mini cewa Yusufu bai rungumi 'yan'uwansa ranar da suka fara zuwa Masar ba, sai da ya gwada su. Don haka ban ɗora wa kaina dole in yi zumunci da mutumin ba. Mun gaisa a jana'izar Hajiya, iyakarta ke nan. Abin da ya canja shi ne ina faɗin Addu'ar Ubangiji har ƙarshenta, ina cin jibi, kuma na daina gaya wa 'ya'yana cewa duk mutanen hayin kogi ɗaya ne. Sun san sunan Hajiya.

Ƙanena bai yafe ba. Da ya ji na je, wata da watanni bai ɗaga wayata ba, ya ce na sayar da jinin Baba a kan gaisuwa. Shi yana ɗan shekara tara lokacin, kuma shi ne ya fi daɗewa yana zuwa bakin ƙofar bariki yana jiran Baba ya shigo. Ban taɓa ce masa ya yafe ba. Zabura 13 kawai na tura masa a WhatsApp, ya buɗe, bai ba ni amsa ba.