Hannun maƙeri a jikin bindigar gado

Bindigar da na gada daga mahaifina, Allah ya jiƙansa, Colt ce samfurin 1911 mai cin harsashi .45, irin wadda 'yan gasar harbin saiti a Amurka suka daɗe suna riƙewa. Da gani ka san ba haka ta fito daga kamfani ba, amma babu takardar da ta nuna wanda ya taɓa ta.

Na fara da lambar da ke jikinta. Kamfanin Colt yana ajiye tsofaffin bayanansa, kuma idan ka biya zai aiko maka da wasiƙa mai nuna ranar da bindigar ta bar masana'anta da siffar da ta fita da ita. Wannan wasiƙa ita ce ma'aunina: duk abin da ya saɓa mata, aikin wani ne daga baya.

Bayan na zare gidan harsashi na tabbatar babu komai a ciki, sai na kwance ta a ƙarƙashin fitila. Na waje ba wuya: saitin kamfanin Bo-Mar wanda ake iya daidaitawa, da gaban mariƙi da aka tsattsaga da kurfi don kada gumi ya sa hannu ya zame. Amma ainihin aikin a ɓoye yake. A kan layukan da murfin sama ke zamewa akwai ƙananan tabban guduma a jere, inda aka matse ƙarfen sannan aka goge shi har murfin ya daina girgiza. Zoben bakin bututu ya kama gam, sai da makulli ya juya. A jikin kunama kuma ga ɗan ƙaramin noti mai tsayar da ita da zarar harbi ya tashi. Duk wannan wahala don harsashi ya taru wuri guda a nisan yadi 50, mutum yana harbi da hannu ɗaya.

Wani ya ce mini aikin Jim Clark ne, maƙerin bindiga na jihar Luwiziyana, wanda ya ci gasar harbi ta ƙasar Amurka a 1958. Na so hakan ya tabbata, amma ban yarda ba. Salon manya irin su Clark, Bob Chow na San Faransisko da Armand Swenson, ƙananan maƙera da yawa sun kwaikwaya, kuma a wancan lokaci saitin Bo-Mar kowa na iya saye ya ɗora. Sunan maƙeri ba ya tabbata sai da hatimi ko rasit. Na duba cikin murfin, ƙarƙashin katakon mariƙi da gindin bututu, ban ga komai ba sai lambobi biyu da aka karce iri ɗaya a murfi da gangar jiki, alamar an haɗa su da juna da hannu.

An ba ni shawarar in sake mata baƙin launi ta dawo sabuwa. Na ƙi, domin gogewar za ta cinye tabban nan, su ne kuwa kaɗai shaidar da nake da ita. Na ɗauki hoton kowane sashe, na shafa mai, na kai wa ƙwararren maƙerin bindiga ya gwada kunamar da makullan kariya kafin in sa mata harsashi.