Sukurun jirgi ba na kanti ba ne

Masu haɗa ƙaramin jirgin sama a gareji, irin yadda ake yi a Amurka, ba kowane sukuru suke ɗauka ba. Nasu na da lamba mai farawa da AN ko MS ko NAS, wato ma'aunan kayan jirgi na Amurka, kuma lambar magana take yi. AN3 kaurinsa 3/16 na inci, AN4 kwatan inci, in ka ga A a ƙarshe to ba a huda ƙafarsa ba. Duba kan sukurun, alamar X ƙarfe ne mai ƙwari, layi ɗaya wanda ba ya tsatsa.

Inda ake rikicewa shi ne sukuru mai lafaffen kai, gangaren ƙarƙashin kan na jirgi digiri 100 ne, na kanti kuwa yawanci 82, ka sa na kanti a ramin na jirgi sai ka ga ya zauna kamar lafiya alhali bai kwanta ba sam, girgiza ta fara cin alminiyon a hankali.

AN526 kuma na murfi ne kawai, wallahi kar ka ɗora masa nauyi. Wurin nauyi sai AN525 ko MS24694, sashen jikinsu mai santsi, marar tiredi, ya cika ramin, tiredin ya fito waje.