Ranar da sunan marubuci ya canza a ɗaruruwan labarai

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne editar shafin labaranmu ba ta yi wani abu da ya saɓa wa hankali ba. An ɗora labari da sunan marubucin da ba shi ya rubuta ba, aka ce ta gyara. Ta buɗe fom ɗin labarin, ta ga akwatin suna a ƙarƙashin kanun, ta goge na ciki ta rubuta na daidai, ta danna adanawa. Duk wanda aka zaunar a gaban wannan fom abin da zai yi ke nan.

Ashe akwatin ba na labarin ba ne. Bayanin marubuci abu ne guda a rumbun bayanai, labarai kuwa nuni kawai suke yi zuwa gare shi. Fom ɗin ya jawo shi ya shimfiɗa a tsakiyar shafin gyara, launi ɗaya da sauran akwatunan, babu iyaka, babu alama. Da ta canza sunan, sai duk abin da mutumin ya taɓa rubuta mana cikin shekaru ya koma ɗauke da sunan wani, alhali hotonsa da taƙaitaccen tarihinsa suna nan a ƙasa ba su motsa ba. Shi da kansa ya fara gani, ya kira ransa a ɓace, kuma yana da gaskiya. Ita kuwa cewa take yi, "Wallahi Malam, labari ɗaya kawai na taɓa." Ita ma tana da gaskiya.

Ni ke kula da manhajar da muke ɗora labarai da ita, don haka kaina abin ya faɗo. Da farko hankalina kwance yake, domin muna da tarihin gyare-gyare. Na buɗe tarihin labarin, na zaɓi sigar da ta gabata, na mayar. Sunan bai koma ba. Na sake komawa baya sosai, har sigar farko, shiru. A nan ne gabana ya faɗi. Abin da sigar labari take riƙewa lambar da rumbun ke gane marubucin da ita ce kawai, lambar kuma ba ta canza ba, abin da ke bayanta ne ya canza. Bayanan marubuta kuwa ba su da tarihi ko kaɗan. Suna dai ana iya sake rubuta shi da hannu, amma da na fara bincike sai na tarar ba wannan ne karo na farko ba. An sha sauya rubutun da ke ƙarƙashin hotuna don ya dace da sabon labari, hoton kuma yana cikin tsofaffin labarai da dama, yanzu yana faɗin abin da bai faru a can ba. Babu wanda ya san yaushe aka canza, balle wa ya canza. Sai da na tayar da tsohon kwafin ajiya a wata kwamfuta daban, na jera teburorin bayanan biyu, na da da na yanzu, ina gwada su layi-layi, kafin na gano iyakar ɓarnar. Wasu canje-canjen kuma sun girmi kwafin da muke da shi, sai tambayar waɗanda suka ɗauki hotunan.

Shawarar da kowa ya fara kawowa ita ce a sa gargaɗi, wani ɗan akwati da zai fito ya ce ka tabbata? Ban yarda ba. Mutumin da ke ɗora labarai tun safe yana danna "eh" ne kafin idonsa ya karanta, kuma tambayar ba ta gaya masa komai. Ya tabbata mana, ya tabbata labarinsa yake gyarawa.

Abin da na yi shi ne raba ayyuka biyu da fom ɗin ya cakuɗa: zaɓar wanda za a nuna, da gyara shi kansa wanda ake nunawa. A cikin fom ɗin labari yanzu ba a rubuta komai a kan marubuci. Ana nemo shi, a zaɓa, ko a cire a sa wani. Bayaninsa yana fitowa a wani kati mai launi daban wanda ba ya karɓar rubutu, a samansa kuma an rubuta yawan labaran da ke amfani da shi, da hanyar ganin jerinsu. Wannan adadin ya fi kowane gargaɗi aiki. Wanda ya ga cewa abin yana cikin labarai ɗari da wani abu, hannunsa da kansa yake tsayawa, ya gane ba tulunsa ba ne, rijiyar gari ce. Mai son gyaran sai ya bar shafin labarin ya tafi shafin marubucin, kuma sai yana da izinin hakan.

Ba ni na ƙirƙiro dabarar ba, manyan manhajoji sun daɗe suna fama da wannan tambaya. Django tun sigar 1.8 a 2015 yake sa ɗan fensir kusa da jerin zaɓi don gyara abin da aka haɗa, amma a wata taga daban yake buɗewa, kuma wanda ba shi da izini ba ya samunsa. WordPress a sigar 6.3 ta 2023 ya sauya wa tubalan da ake maimaitawa, wato guntayen shafi da ake sawa a wurare da yawa, suna don a gane cewa a haɗe suke, yana kuma ba ka damar ɓalle naka kwafin ka gyara shi kaɗai. A Drupal akwai ƙarin manhaja mai suna Entity Usage da ke nuna duk inda ake amfani da abu. Daga nan na ɗauko tunanin adadin.

Ɓoye maɓalli kaɗai ba kariya ba ne, wannan na nanata wa duk wanda ya taya ni aikin. Akwatin da aka kulle a fuskar shafi, mai ɗan sani zai buɗe shi daga burauza, kuma muna da wata hanyar shigar da labarai da ba ta bi ta fom ɗin kwata-kwata. Dole saba, wato kwamfutar da ke karɓar bayanan tana adanawa, ita ma ta ƙi karɓar canjin idan ya zo ta hanyar labari. Haka batun gogewa: na sa rumbun ya ƙi goge duk bayanin da wani abu ke nuni gare shi. Sannan na kunna tarihi ga marubuta, hotuna, da rubutun ƙa'idoji da ke ƙasan shafuka, kowanne da sunan wanda ya gyara da lokacin. Ina ganin da wannan kaɗai muke da shi tun farko, da gyaran bai wuce minti biyu ba.

Kullewar ta haifo tata matsalar, kuma ban so na ɓoye ta. Editoci ba don wasa suke taɓa waɗannan akwatunan ba, buƙata ce ta gaske. Hoto ɗaya yana iya buƙatar bayani daban a labarai biyu. Da suka ga an kulle, sai suka koma ɗora hoton sabo, ko buɗe wa marubuci bayani na biyu, har mutum ɗaya ya zama uku a jerin. Sai na ƙara akwati a fom ɗin mai cewa "bayanin hoto na wannan labari kawai". Idan an bar shi babu komai, na asali ne zai fito, idan an cika, a nan kaɗai zai tsaya. Na kuma sa wani maɓalli na neman gyara, wanda ke aika saƙo ga masu izini idan edita ya ga kuskure na gaske a bayanin kowa da kowa. Tun daga nan maimaicin ya ragu sosai. Waɗanda aka riga aka buɗe kuwa har yanzu ina haɗe su ɗaya bayan ɗaya, kuma kafin na goge kowanne sai na karkatar da labaransa zuwa na asali.