Indiyar da na gani, daga rijiyar hamada zuwa garin da ruwa ba ya ɗaukewa

Makon jiya wani abokina ya kira ni da daddare. Zai raka mahaifinsa asibiti a Indiya, yana so in gaya masa irin kayan da zai zuba a jaka, na zafi ko na sanyi. Na ce masa sai ya fara gaya mini garin da za su da watan da za su tafi, don akwai ranar da wani ke rawar ɗari a Delhi, wani kuma a ranar yana sharce gumi a Chennai. Bayan mun ajiye waya na kasa barci, ƙasar ta yi ta dawo mini gari bayan gari. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Shekara uku na yi a Hyderabad ina karatun aikin ruwa da noman rani. Duk hutun da aka ba mu, tashar jirgin ƙasa nake nufa. Tikitin tarago mai gadon kwana ba shi da tsada, kuma babu inda ya fi tagar jirgi nuna maka yadda ƙasa ke sauya kama. Ƙasa ce mai jihohi 28 da mutane sama da biliyan 1.4, kuma idan ka juya takardar rupi za ka ga an rubuta darajarta da harsuna 15 a jere, ban da Hindi da Turanci. Wani zai ba ka labarinta ta harshe, wani ta addini. Ni da yake ruwa na je koyo, ruwa na riƙa bi da ido, kuma shi ya fi bayyana mini dalilin da ya sa kowane yanki yake yadda yake.

Hyderabad tana kan tudun Deccan, ƙasa mai manyan duwatsu a ɗore kan juna kamar da hannu aka jera su. Tsaunukan Western Ghats da ke bin gaɓar tekun yamma suna tare giragizan damina, su tatse su, abin da ya rage ne ke isowa tudun. Saboda haka tun zamanin sarakunan Kakatiya mutanen yankin ke tare ruwan sama a tafkuna, kusan kowane ƙauye da nasa. A tsakiyar birnin ma akwai tafkin Hussain Sagar da aka haƙa a ƙarni na 16. Charminar, ginin nan mai hasumiya huɗu da aka gina a 1591, yana tsohon gari, kusa da Masallacin Makka inda na sha yin Juma'a. Telugu da Urdu ake ji a titi.

Tafiyata ta farko mai nisa Delhi ce, kwana ɗaya da 'yan sa'o'i a jirgi. Ba zan daɗe a kanta ba, domin kowa ya ji labarin babban masallacin Jama da sarki Shah Jahan ya kammala a 1656, da hasumiyar Qutb Minar mai tsawon kusan mita 73. Abin da zan ja kunne a kai shi ne watan Nuwamba. A lokacin manoman Punjab da Haryana ke ƙona karan shinkafa don su yi saurin shuka alkama, hayaƙin ya haɗu da na motoci ya kwanta a kan birnin, mai ciwon ƙirji ya sha wuya. Agra ba ta da nisa, jirgi mai sauri bai cika awa biyu ba. Taj Mahal yana bakin kogin Yamuna, an fara gininsa a 1632 bayan rasuwar Mumtaz Mahal, matar Shah Jahan, kuma ranar Juma'a ba a buɗe shi ga 'yan kallo. Ya kai yadda ake faɗa. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Fatehpur Sikri, birnin jan dutse da sarki Akbar ya fara ginawa a 1571, ya bar shi bayan shekara goma sha huɗu kacal. Yaƙe-yaƙe sun ja shi Lahore, kuma ana yawan cewa ƙarancin ruwa na daga cikin abin da ya hana a koma. Fada ce cikakkiya, da masallaci da zauruka, amma babu mai kwana a ciki.

Daga nan sai Rajasthan, inda zuciyata ta fi kwanciya.

Tun kafin ka kai Jaipur za ka ga gonaki sun koma gero, ga raƙuma suna jan amalanke a gefen titi, ga darbejiya ko'ina, don nan nahiyar ce asalinta. Jaipur kanta an kafa ta a 1727, an kuma shafe tsohon garin da launin ruwan hoda a 1876 don tarbar yariman Ingila. 'Yan yawon buɗe ido suna cincirindo a Hawa Mahal, ginin nan mai ƙananan tagogi 953. Ni kuwa mota na shiga zuwa wani ƙauye da ake kira Abhaneri, don in ga rijiyar Chand Baori. Kiranta rijiya ma kamar rage mata daraja ne. Rami ne mai kusurwa huɗu, hawa goma sha uku zuwa ƙasa, da matakala kusan 3,500 da aka sassaƙa a jikin bango uku, suna saukowa bibbiyu suna haɗuwa suna rabuwa. Ta haura shekara dubu. Hikimar ita ce, da damina ruwa ya taso, mace ta sauka taki kaɗan ta ɗiba. Da rani ya ja baya, ta bi shi ƙasa da ƙafarta, ba guga ba igiya. Can ƙasa kuma akwai sanyi, mutane su zauna su huta da tsakar rana. Na fi awa biyu a tsaye a bakinta. Duk abin da malamanmu ke zana mana a allo game da hawa da saukar ruwan ƙarƙashin ƙasa, ga shi mutanen zamanin da sun gina shi da dutse tun kafin a san fanfo.

Idan ka ƙara nausawa yamma, ka wuce Jodhpur mai shuɗɗan gidaje, za ka faɗa hamadar Thar. Jaisalmer tana can, ganuwarta ta rawayan dutse tun 1156, kuma har yau mutane na zaune a cikinta da shagunansu. Ruwan da ke sauka a shekara bai fi kimanin milimita 200 ba. A ƙauyukan yankin, gida yakan haƙa rumbun ruwa a ƙasa, a shafe shi da siminti ko farar ƙasa, duk ɗigon da ya sauka a rufi ko a tsakar gida ya gangara ciki, a rufe da murfi har da kwaɗo. Wata tsohuwa da muka sauka a gidanta ta buɗe nata ta ɗebo mini a ƙaramin kofi na ƙarfe. Ban san yarenta ba, amma yadda ta riƙe kofin da hannu biyu ya isa bayani. Yanzu akwai babbar magudanar Indira Gandhi, mai tsawon sama da kilomita 600, da ke jawo ruwan kogunan Punjab cikin hamadar, har ana noman alkama inda da sai rairayi. Ta raya wurare da yawa, ta kuma jawo gishiri ya taso a wasu gonakin saboda yawan ban ruwa. Duka biyun na gani da idona.

Punjab ɗin ma sunanta daga ruwa ya fito, ma'anarsa koguna biyar. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce kore shar, rumbun abincin ƙasar. A Amritsar, wurin ibadar mabiya Sikh mai rufin zinariya yana tsakiyar tafki, kuma kullum ana ciyar da dubun dubatan mutane kyauta, ba a tambayar addininka. Ka rufe kanka, ka cire takalmi, ka zauna a ƙasa cikin sahu a zuba maka.

Kogin Ganga kuwa sai mutum ya yi haƙuri da shi kafin ya fahimce shi. Yana tasowa daga ƙanƙarar tsaunukan Himalaya, ya yi tafiyar kilomita 2,500 da ɗoriya kafin ya faɗa tekun Bengal. A Haridwar, inda ya baro duwatsu, ruwan garau yake, da sanyi mai ratsa ƙashi. Kafin ya kai Varanasi ya riga ya kwashi dattin birane da na masana'antun jima na Kanpur. Na shiga kwale-kwale a Varanasi da asuba. A gaɓa ɗaya mutane na wanka suna addu'o'insu, a gaba kaɗan ana ƙona gawa, wuta ba ta mutuwa dare da rana. A matsayina na Musulmi abin ya yi mini nauyi, ban ɓoye wa kaina ba. Amma na ga mutanen da suka yi tafiyar kwanaki da iyayensu tsofaffi don su kawo su bakin wannan ruwa, na kuma gane cewa duk mai son gyara kogin dole ya fara da girmama su. A lungunan bayan gaɓar akwai unguwannin masaƙa, yawancinsu Musulmi, masu saƙa zannuwan alharini da garin ya yi suna da su. A masallacinsu na yi azahar, ƙarar masaƙa tana shigowa ta taga.

Wurin da ya fi ba ni mamaki yana can arewa maso gabas, inda ba kasafai baƙi ke zuwa ba. Ka sauka a Guwahati a bakin kogin Brahmaputra, wanda faɗinsa a wasu wurare ke hana ka hango ɗaya gaɓar, ka hau mota zuwa Shillong, daga nan ka gangara Sohra, wadda aka fi sani da Cherrapunji. Jihar sunanta Meghalaya, wato mazaunin giragizai. Sohra da maƙwabciyarta Mawsynram suna samun ruwan sama fiye da milimita 11,000 a shekara. Ka kwatanta da 200 na Jaisalmer, a ƙasa ɗaya, da kuɗi ɗaya, da agogo ɗaya. Mutanen Khasi, waɗanda gado a wurinsu ta wajen uwa yake bi, sun ga gadar katako ba ta jure wannan ruwa, sai suka koyi jan saiwar wata bishiyar roba daga gaɓa zuwa gaɓa, suna saƙa ta shekara da shekaru har ta zama gada mai rai da ke ƙara ƙarfi da tsufa. Na sauka matakala wajen 3,000 zuwa ƙauyen Nongriat don in taka mai hawa biyu. Sai dai ga abin da ya dame ni: a watannin sanyi, wannan garin da ya fi kusan ko'ina a duniya samun ruwa yana fama da ƙarancinsa. Ruwan ba ya zama, gangarewa yake yi daga kan dutse ya tafi filayen Bangladesh. Mata na tafiya mai nisa da tulu kamar 'yan hamada. Tsohuwar nan ta Thar ta fi su ajiyar ruwa.

Mumbai kuwa sau biyu kawai na ratsa ta. Tsibirai bakwai ne aka cike tsakaninsu aka yi birni, shi ya sa damina ke wahalar da ita. Ranar 26 ga Yulin 2005 an yi ruwan milimita 944 cikin awa 24, gari ya tsaya cik. Daga wannan birni ne jirgin ƙasa na fasinja na farko a ƙasar ya tashi a 1853, kuma yau jiragen cikin gari na ɗaukar miliyoyin mutane kullum. Idan teku ta janye, akwai siririyar hanya da ke kai ka hubbaren Haji Ali a tsakiyar ruwa.

Kerala ce ƙofar damina. Kusan farkon watan Yuni ruwa ke fara sauka a nan, sannan ya yi ta hawa arewa har ya game ƙasar a watan Yuli, kuma duk ƙasar tana sauraron labarin isowarsa kamar ganin wata. Siririyar jiha ce tsakanin tsauni da teku, ga kwakwa, ga masoro da citta, kayan da suka jawo Larabawa tun da daɗewa, suka jawo Baturen Fotugal Vasco da Gama ya sauka kusa da Calicut a 1498. A Kodungallur akwai masallacin Cheraman, wanda mutanen wurin ke cewa tun zamanin Annabi (SAW) aka kafa shi. A Alappuzha hanyoyin ruwa ne titunan: yara na zuwa makaranta a kwale-kwale, mai kifi na zagayawa ƙofa-ƙofa da filafili. A Kuttanad na ga gonakin shinkafa da ke ƙasa da tsayin teku, an kewaye su da ganuwar laka ana zuƙe ruwan da inji. Kalmomin Hindi da na tara ba su yi mini aiki a nan ba, Malayalam ake yi, sai Turanci.

Ƙetaren tsaunin kuma sai Tamil Nadu, inda lissafin ya juye. Daminar Yuni ba ta ba babban birninta Chennai abin kirki, nata ruwan sai Oktoba zuwa Disamba yake zuwa daga gabas, wani lokaci da guguwar teku. Idan ya yi ƙaranci gari ya shiga uku: a 2019 manyan tafkunan birnin sun ƙafe har sai da aka riƙa kawo ruwan sha a jirgin ƙasa.

Abokin nawa ya sake kira jiya. Chennai za su, a tsakiyar Nuwamba. Na ce ya bar rigar sanyi a gida, ya sayi laima mai ƙarfi da takalmin roba, ya tabbatar katin rigakafin shawara yana cikin fasfo ɗinsa da na Baba, kuma ya nemi masauki a hawa na sama kusa da asibitin.